RDT, MP ko Widal: wane awon jini ya cancanci kuɗinka idan masassara ta shigo gida?

Da zarar ruwa ya zauna a Sakkwato, fadamun Kwalkwalawa da na Wamakko suka cika, kwatamin Mabera suka tsaya cak babu inda za su, to bencin ƙofar ɗakin gwajinmu ba ya sake hutawa sai an shiga Nuwamba. Kusan duk wanda ya zauna a kansa da magana ɗaya ya zo. Daminar bara wata tsohuwa ta shigo da jikanta saɓe a kafaɗa, yaro ɗan shekara huɗu, ta ce, "Ɗana, a auna min shi maleriya da taifot." Na ce, "Inna, yaushe masassarar ta kama shi?" Ta ce, "Jiya da marece tak kama shi, yak kwana shina rawar ɗari." Na ce mata maleriya za mu auna yanzu, kuɗin taifot kuwa ta mayar lalita. Ta dube ni kamar mai shagon da ya ƙi ciniki. "To ai kowa biyun aka yi mashi."

Gaskiyar Inna, kowa biyun ake yi masa, kuma a nan asarar take. Awon jini huɗu ne mai masassara ke cin karo da su a garin nan. Biyu na maleriya: gwajin gaggawa da ake rubuta RDT a takarda, da na madubin likita da ake rubuta MP. Biyu na taifot: Widal, wanda mutanenmu ke kira waidal, da kalca, wato rainon ƙwayar cuta daga jini. Ba abu ɗaya suke nema ba, ba rana ɗaya ake bukatarsu ba, kuma wanda aka fi sayarwa cikinsu shi ne mafi ƙarancin amfani.

RDT ɗan farin allon roba ne, bai wuce tsawon yatsa ba. A soki yatsa, a ɗiga jini a ƙaramin rami, a bi shi da ruwan da ya zo cikin kwalin, a jira minti 15 zuwa 20. Layi biyu, akwai maleriya, ko da na biyun dishi-dishi ya fito. Layi ɗaya a gefen harafin C, babu. In layin C ɗin bai fito ba, gwajin ya lalace, a sake. Allon ba ya ganin ƙwayar cutar kanta. Wani sinadari yake kamawa mai suna HRP2, wanda ƙwayar falsifarum ke zubarwa cikin jini, ita ce kuwa ke haddasa kusan duk maleriyar ƙasar nan, ita ce kuma mai kisa.

Alherinsa a fili yake. Ba ya neman wutar NEPA, ba ya neman janareto. Ma'aikaciyar lafiya a ƙauyen Tangaza ko Gudu za ta yi shi a kan tebur kamar yadda za a yi shi a asibitin koyarwa. A asibitocin unguwa na gwamnati sau da yawa kyauta ne idan akwai shi, a kemis ma shi ne mafi arha. Abin da na fi so game da shi kuwa, ba ya jin kunyar kowa. Ba ruwansa da cewa Alhaji ya biya kuɗi yana jiran a ce masa yana da wani abu. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina ba da maganin maleriya sai an gwada, kuma wannan ɗan allon ne ya sa maganar ta yiwu a wuraren da ba su taɓa ganin madubin likita ba.

Aibinsa babba ɗaya ne, kuma ya kamata kowace uwa ta san shi: yana da riƙo. Magani zai kashe ƙwayar cikin kwana uku, amma sinadarin nan yana iya zama cikin jini mako biyu, uku, wani lokaci fiye da wata. Binciken maleriya na ƙasa da aka yi a 2021 ya nuna haka ƙarara. Yara 'yan wata 6 zuwa 59 da aka auna, RDT ya kama kusan kashi 40 cikin 100, madubi kuwa kashi 22. Yaran ɗaya, jinin ɗaya. Wani ɓangare mai yawa na wannan tazara, yara ne da suka warke amma sawun cutar bai goge ba. To ka ga yaron da ya gama shan magani kwana goma da suka wuce, jikinsa ya sake zafi, in aka yi masa RDT layi biyu zai fito ko da babu ƙwaya ko ɗaya. A sake ɗirka masa magani, a ƙara da allura, alhali kunnensa ne ke tara ruwa ko maƙogwaronsa ya kumbura. A irin wannan hali RDT ba shi da bakin magana.

Sai zafinmu. Kwalayen an rubuta a jikinsu iyakar zafin da za su jure, wasu digiri 30, wasu 40. Kowa ya san yadda shagon kwano yake da azahar a watan Afrilu. Ka duba ranar ƙarewar aiki a jikin ledar, ka tabbata a gabanka aka yaga ta, kuma kada ka yarda da layin da ya fito bayan an manta da allon a kan tebur awa guda.

MP shi ne tsohon hannu. A shafa jini a kan gilashi, a bar shi ya bushe, a rina shi da ruwan Giemsa, a ɗiga mai, a sa ƙarƙashin madubi. Nan ido ne ke ganin ƙwayar da kanta, ɗan zobe shuɗi da jan ɗigo a gefe. Shi ya sa yake iya abin da RDT ba ya iyawa. Yana faɗin yawanta, yana faɗin irinta, yana kuma faɗin ko ta mutu bayan magani. Likitan da ya kwantar da yaro yana son ya san ko ƙwayar tana raguwa daga jiya zuwa yau, madubi kaɗai zai gaya masa.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ingancin MP ingancin mutumin da ke zaune bayan madubin ne. Ƙa'ida ita ce a duba aƙalla gurbi 100 a kan gilashin kafin a rubuta babu, kuma wannan yana cin lokaci. Gilashi ya zama mai tsabta, rini ya zama sabo, haske ya wadatu. Ƙurar hunturu in ta sauka kan jinin da bai bushe ba, ko dattin rini, ko wasu ƙananan ƙwayoyin jinin mutum na asali, duk suna iya yi wa gajiyayyen ido kama da maleriya. Daga nan ne wannan sanannen "plus ɗaya" yake fitowa, wato alamar an ga ƙwayar maleriya 'yar kaɗan, wanda kusan ba a taɓa ba wani takarda babu shi ba.

Ni kaina na taɓa rubuta shi. A farkon fara aikina, a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, wani direban mota ya zo da zazzaɓi da ciwon baya. Na duba gilashinsa har idona ya yi ruwa, ban ga komai ba sai ɗigo-ɗigon rini. Wanda ke sama da ni ya leƙo ya ce, "Ba a ba mutum farar takarda, gobe ba zai dawo ba." Na sa plus ɗaya. Mutumin ya sha maganin maleriya zagaye biyu. Bayan kwana goma aka kawo shi ana riƙe da shi, aka auna fitsari, ashe cuta ce a mafitsara ta hau har ƙoda. Ya warke, alhamdu lillahi, amma har yau in na ga "plus ɗaya" a takardar da aka fitar cikin minti goma, shi nake tunawa. Shafawa da bushewa da rini da dubawa, ba sa ƙarewa cikin minti goma.

To wanne za ka zaɓa? Masassara sabuwa, ta kwana ɗaya ko biyu, ba a sha maganin maleriya cikin watan nan ba, RDT ya ishe ka, kuma na fi yarda da shi a kan MP na ɗakin gwajin da ban san mai duba shi ba. In an sha magani kwanan nan zazzaɓi ya dawo, ko an kai kwana uku ana sha babu sauƙi, ko ciwon ya kai ga kwanciya, to MP, a wurin da aka san suna zama su duba. Yin su biyun rana ɗaya ga mai ƙaramar masassara ɓarnar kuɗi ce kawai.

Yanzu ga Widal, wanda a kansa nake yawan saɓawa da mutane. Wani likitan Faransa, Fernand Widal, shi ya fito da shi a 1896, tun kafin Turawa su shigo Sakkwato a 1903. Ba ƙwayar taifot yake nema ba. Garkuwar da jiki ya ƙera don yaƙar ƙwayar yake nema. Yadda muke yin sa a nan, farin faranti ne da 'yan kwalabe takwas masu ruwa mai launi. A ɗiga ruwan jinin mutum, a ɗiga na kwalba, a jujjuya minti ɗaya, a ga ko zai yi gudaji kamar nonon da ya tsinke. Sai a rubuta 1/80, 1/160, 1/320, wato lambobin yawan garkuwar, a ja layi ƙarƙashin manyan da jan biro. Mai takarda ya ga ja, hankalinsa ya tashi.

Matsala ta farko, garkuwar ba ta fitowa sai wajen ƙarshen makon farko na ciwon. Jikan Inna da ya kwana ɗaya da zazzaɓi, ko da taifot ne gare shi, Widal ba zai gani ba, in kuwa ya nuna wani abu, to tsohon sawu ne. Ta biyu, wanda ya tashi yana shan ruwan rijiya da na 'yan ga-ruwa, yana cin abincin bakin tasha, jikinsa ya riga ya sha haɗuwa da wannan ƙwaya da danginta, garkuwar tana nan zaune shekara da shekaru. Ka shiga Tsohuwar Kasuwa ka ɗebi jinin masu ɗaukar buhu da ke cikin ƙoshin lafiya, ba za ka rasa waɗanda takardarsu za ta sha jan biro ba. Ta uku ita ce mai ban haushi: maleriya da kanta tana iya ɗaga lambar Widal. Wato mutum maleriya kaɗai ke damunsa, sai ita maleriyar ta jawo masa sharrin taifot. Ka ji asalin tagwayen nan da ba sa rabuwa a bakinmu, "maleriya da taifot". Suna haɗuwa a jikin mutum ɗaya, ba a ce ba, amma ba kamar yadda takardunmu ke nunawa ba.

A littafi, Widal yana da ma'ana ne in an yi shi sau biyu, tsakaninsu kwana 10 zuwa 14, aka ga lambar ta ninka huɗu. Ban san majinyacin da ke jiran wannan ba. Kuma yana iya cewa babu alhali akwai, musamman ga wanda ya riga ya fara haɗiyar kafso. Awon da in ya ce akwai ba ka yarda ba, in ya ce babu ba ka natsu ba, me ka saya da kuɗinka?

Da a ce kuɗin gwajin kaɗai ake asara, da da sauƙi. Abin da ke biyo bayan jan biron shi ne antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su sifro, ko allurar seftiriyazon ta kwana uku a ɗakin bayan kemis, da ledar ƙarin ruwa mai launin ɗorawa don a ji an yi aiki. Mutum ya ji sauƙi saboda maganin maleriyar da aka haɗa masa, ya yar da sauran. Da haka ƙwayoyin cuta ke koyon jure magani. A lardin Sindh na Pakistan, daga 2016, an samu taifot da ta gagari kusan duk magungunan da aka saba, har da sifro da seftiriyazon ɗin. Hanyar da suka bi suka kai can, ita muke bi.

Taifot ta gaskiya tana da tafiyarta. Ba ta faɗowa dare ɗaya da rawar ɗari. A hankali take hawa, zafin yau ya fi na jiya, ciwon kai, kasala, rashin cin abinci, ciwon ciki, wani ya yi gudawa wani bayan gida ya ɗaure masa. In aka bar ta ta shiga mako na biyu zuwa na uku tana iya huda hanji, sai ciki ya ɗaure tamau kamar ganga, sai tiyata. Don haka ba raina ta nake yi ba. Wanda zazzaɓinsa ya doshi mako, aka auna maleriya babu, ko aka yi maganinta zafi bai sauka ba, wannan shi ake zargin taifot a kansa, kuma likita yake bukata, ba faranti da kwalabe takwas ba.

Awon da ke tabbatar da ita shi ne kalca. Ana ɗibar jini daga jijiya, a zuba a kwalba mai abincin ƙwayoyin cuta, a ajiye cikin ɗumi irin na jikin mutum, a jira. In ƙwayar taifot ta tsiro, an kama ɓarawo da kaya a hannu, sannan a gwada a ga wane magani ke kashe ta. Ya fi sauran tsada nesa, yana ɗaukar kwana biyu zuwa bakwai, kuma sai manyan wurare irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Cikin masu taifot goma, biyar zuwa shida yake kamawa, in an riga an sha antibayotik ma ya ragu. Shi ya sa a ɗebi jinin kafin a fara magani. Likita ba sai ya jira sakamakon ba, yana iya fara magani bisa abin da ya gani, in takarda ta fito ya gyara. Wanda kuma yake Isa ko Kebbe, kalca ta yi masa nisa, hannun likita a kan cikinsa da tambayar kwana nawa, yaya zafin ke tafiya, sun fi masa Widal.

Abin da ya fi wa mutanenmu wuyar haɗiya shi ne a ce musu babu. Uba ya biya, an soki yaro ya yi kuka, sannan a ce layi ɗaya, sai ya ga kamar an cuce shi, ya zarce kemis ya sayi maganin duk da haka. Alhali wannan "babu" ɗin ita ce ke cewa a duba wani wuri. A leƙa kunne da maƙogwaro, a auna fitsari, a ɗaga riga a ƙirga numfashi. Yaro ɗan wata 2 zuwa 11 da ke numfashi 50 ko fiye a minti, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 da ke yin 40 ko fiye, limoniya ake zargi. Sau da yawa kuma mura ce da za ta wuce da farasitamol da ruwa. In zafin ya ci gaba bayan kwana biyu, a koma a sake aunawa. Haka kuma layi biyu ba ya hana wata cutar zama tare da maleriya. A yankinmu yara da yawa suna yawo da ƙwayar suna wasansu. Makwabciyarmu Kebbi ce ta fi kowace jiha a binciken 2021, da kashi 49 ta madubi.

Lokacin shekara ma yana magana. Zazzaɓi mai zafi a watan Maris ko Afrilu, da ciwon kai mai tsanani da wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ba a tsayawa neman RDT. Wanda ya ga sanƙarau ta 2017 a Zamfara da Sakkwato ba ya bukatar a tuna masa. Awonta ruwan ƙashin baya ne, a asibiti. Haka yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ko barci ya danne shi ba ya farkawa sosai, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi. Da jaririn da bai kai wata biyu ba, da mai juna biyu. Waɗannan a wuce da su asibiti kai tsaye, can za a yi awon ana ba da magani.

Wani abu da iyaye ke mantawa su faɗa: maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata. Yana rage maleriya ƙwarai, amma bai hana a auna yaro in jikinsa ya yi zafi ba. In an samu layi biyu, a gaya wa ma'aikacin lafiya cewa ya sha na watan nan, saboda akwai amodiyakwin a cikinsa, ba a so a sake ba shi maganin da ke ɗauke da irinsa.

Jikan Inna layi biyu ya fito, baƙi ƙirin, tun minti goma ba su cika ba. Na tura su wurin ma'aikacin lafiya, aka ɗora yaron kan sikeli, kilo 16, aka rubuta masa maganin maleriya atimita-lumefantirin, ƙwaya biyu sau shida cikin kwana uku, na biyun bayan awa 8 da na farko. Ta dawo ta ƙofata da ledar a hannu ta ce, "Ɗana, allura fa? Ai ita ta fi ƙarfi." Na ce, "Inna, allura ta wanda ya kasa haɗiya ce ko wanda ciwo ya kayar. Wannan yana sha yana kallonki. Ki dai tabbata ya shanye duka shidan ko da gobe kin gan shi yana guje-guje, kuma kowane sha ki haɗa masa da madara ko abinci mai maiƙo, da shi maganin ke shiga jiki." Ta kwance bakin lalitar, ta ƙirga kuɗin taifot ɗin nan da na hana ta biya, ta tambaye ni ko za su isa gwangwanin madara.